Ranakun Halakar da Jaridu Suka Sa wa Wata, da Abin da Ya Biyo Bayansu

Duk wanda ya haura shekara hamsin a Katsina ko Daura ya tsallake ranakun halaka da yawa waɗanda kanun labarai suka yanka wa wata da rana. A 1979 an ce wani ƙaton ƙarfe zai rikito daga sama. A daren shiga 2000 an ce kwamfutocin duniya za su ruɗe, jirage su faɗo, kuɗin banki su ɓace. A 2004 lambar waya ce ke kisa. A 2015 kuma Nijeriya ce za ta tarwatse. Yau in aka tuno da su a majalisa bayan la'asar, dariya ake yi har da riƙe ciki, kuma dariyar tana da hujja. Abin da ke damuna shi ne hukuncin da ke biyo bayanta, inda wani zai kaɗa hannu ya ce ai duk ƙanzon kurege ne, 'yan jarida ne ke neman ciniki. Ba haka ba ne. Labaran nan ba tushensu ɗaya ba, kuma ba dalili ɗaya ne ya hana su tabbata ba.

A fara da ƙarfen 1979. Sunansa Skylab, tashar bincike ce da Amurka ta harba sama a watan Mayu na 1973, nauyinta ya kai tan 77. 'Yan sama jannati sun zauna a ciki har farkon 1974, daga nan aka bar ta tana kewaya duniya babu kowa. An shirya cewa wani sabon kumbo zai je ya ƙara tura ta sama, sai kumbon ya yi jinkiri, bai tashi ba sai 1981. A tsakanin nan zafin rana ya kumbura iskar can sama, iskar ta riƙa jan tashar ƙasa a hankali. Ke nan maganar faɗowarta gaskiya ce tsantsa. Hanyar da take bi kuwa ta ratsa saman yawancin ƙasashen da mutane ke zaune, har da tamu.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da lissafi cewa yiwuwar ɓaraguzan su sami wani ɗan'adam ɗaya ce cikin 152. Nan ne ɓarnar ta shiga. Abin da lissafin ke nufi shi ne wani mutum guda cikin dukan mutanen duniya, sama da biliyan huɗu a lokacin. Amma wanda ya ji a rediyo, kansa yake shafawa. Ranar 11 ga Yuli abin ya tarwatse a saman tekun Indiya da yammacin Ostireliya, bai ji wa kowa ciwo ba. Hukumomin wani ƙaramin gari mai suna Esperance suka ci NASA tarar dala 400 saboda zubar da shara a ƙasarsu, tarar da ba a biya ba sai 2009, lokacin da wani mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo na ƙasar Amurka ya tara kuɗin daga masu sauraronsa. Wata jarida a San Francisco ta sa ladan dala 10,000 ga wanda ya fara kawo mata gutsuren ƙarfen, wani yaro ɗan shekara 17 ya tsinci nasa a gida, ya hau jirgi ya je ya karɓe. Mu a nan, da muke cikin tsohuwar jihar Kaduna a lokacin, hankali ya riga ya koma kan zaɓen da jam'iyyu irin su NPN da PRP ke ta fafatawa a cikinsa a watan.

Labari irin wannan yakan bi ta hannu uku kafin ya iso ƙofar gida. Masani ya faɗe shi da sharuɗɗansa, ya ce mai yiwuwa ne, in kaza bai faru ba. Edita ya zo, filinsa bai wuce kalma bakwai ko takwas ba, kuma yana so a tsaya a saya, sai ya datse sharuɗɗan. Na uku shi ne mutumin da ya kasa kunne ga BBC ko Rediyon Kaduna da asuba, ya fito teburin mai shayi shi kaɗai ke da labari. Shi ba ƙarya yake nufi ba, amma ya ga idanu sun dawo kansa, dole ya ƙara ɗan gishiri. Kafin azahar, abin da masani ya ce zai iya yiwuwa ya zama an tabbatar, har an faɗi unguwar da zai sauka.

Matsalar shekarar 2000 ita ce aka fi yi wa rashin adalci, don haka zan daɗe a kanta. A shekarun 1960 da 1970 ma'ajiyar kwamfuta tsada gare ta ƙwarai, sai masu rubuta manhaja suka riƙa taƙaita shekara da lamba biyu, 1975 ta zama 75. Dabarar ta yi aiki har ƙarni ya zo ƙarewa. Da zarar 99 ta juya ta koma 00, na'ura za ta ɗauka an koma 1900. Duk lissafin da ya dogara da kwanan wata zai karkace: kuɗin ruwan banki, fansho, ranar lalacewar magani, jadawalin jirage. Ba almara ba ce, injiniyoyi sun gwada sun gani. Shi ya sa gwamnatoci da kamfanoni suka shafe shekaru suna bin tsofaffin manhajoji layi-layi, har aka riƙa kiran tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya saboda su ne suka iya COBOL, yaren kwamfuta da aka rubuta su da shi. Amurka kaɗai ta kashe kimanin dala biliyan 100.

Daren ya zo ya wuce. Jirgi bai faɗo ba. Abin da aka samu ƙananan kurakurai ne masu ban dariya, irin na wani shagon hayar kaset a jihar New York da kwamfutarsa ta caji wani mutum sama da dala dubu 90, wai ya riƙe kaset shekara ɗari. A Katsina kuwa daren ya faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan, jama'a na masallatai ana tahajjud. Wayar salula ba ta zo ba tukuna, sai 2001. Yawancin ofisoshi da manyan litattafai da biro suke aiki. Barazanar da ta fi tsorata Turawa, wai za a ɗauke wuta da tsakar dare, a wajenmu ba ta isa a ba maƙwabci labarinta ba, don fitilar ƙwai na nan cike da kananzir kamar kullum.

Da gari ya waye sai aka ce an yaudari duniya. Ni ban yarda ba. Mai gidan da ya yi yaɓe kafin damina, aka sheƙa ruwa soronsa bai zuba ba, ba a ce masa ya yi asarar kuɗin yaɓe. Gaskiya ne akwai ƙasashe irin su Italiya da Rasha da ba su kashe kuɗi sosai ba kuma ba su ga wata masifa ba, wanda ke nuna an zuzuta abin fiye da kima, kuma wasu 'yan kwangila sun ci kasuwarsu. Amma zuzutawa daban, ƙirƙira daban. Matsalar tana nan, an yi aiki a kanta, aikin ne ya sa ba mu ga komai ba. Wanda bai fahimci wannan ba, gobe in aka yi masa gargaɗin ambaliya ko annoba zai ce ai haka aka ce a 2000.

Na 21 ga Disamba 2012, da aka ce ranar duniya za ta tashi, bai cancanci dogon bayani ba. Wani tsohon kalandar mutanen Maya na yankin Meziko ne ya kai ƙarshen zagayensa zai fara sabo. A nan bai sami gindin zama ba, domin yaron makarantar allo ma ya san sanin ranar tashin alƙiyama na Allah ne shi kaɗai.

Lambar kisa ta 2004 ita ce ba ta da tushe ko na anini. An ce akwai wasu lambobi da in suka kira ka ka ɗauka, jini zai ɓalle maka ka faɗi matacce. Mutane suka riƙa kwafar lambobin a takarda suna sakawa a aljihu. Kamfanonin waya suka ƙaryata, hukumar sadarwa ta NCC ta ƙaryata, babu gawa ɗaya da likita ya tabbatar, amma a 2011 labarin ya sake dawowa da sabuwar lamba. Waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne masu bashi a wuya. Za ka ji ana cewa, "Haba Yaya, tun jiya nake kiran ka." Shi kuma ya amsa, "Ka yi haƙuri ƙanena, ka ga zamanin da ake ciki, ba kowane kira ake ɗauka ba."

Me ya sa masu hankali suka yarda? Wayar shekararta uku kacal a ƙasar, kuma ba wanda ya zauna ya yi wa jama'a bayanin yadda murya ke tafiya babu igiya. Abin da ba ka san yadda yake aiki ba, ba ka san iyakar abin da zai iya yi ba. Sannan bin umarnin ba ya cin ko kwabo. Mutum zai ce in ƙarya ne ban yi asarar komai ba, in gaskiya ne na tsira.

Wannan lissafin ne ya kai mu ga daren gishiri, inda dariya ta ƙare. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola. Cikin farkon Agusta, a dare ɗaya, saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Wayoyi suka riƙa ƙara da talatainin dare. Ɗa na kiran mahaifiyarsa daga Abuja yana cewa, "Inna, don Allah ki tashi yanzu ki dafa ruwa, kada ki bari a kira assalatu." Ƙauna ce ta sa shi, babu shakka. Amma gishiri mai yawa guba ne ga mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti. Ebolar kanta ba ta taɓa ƙetarowa Arewa ba, ta tsaya a Legas da Fatakwal, ta kama mutum 20, ta kashe 8. Abin da ya tare ta shi ne tsayuwar Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti har ita ma ta kamu ta rasu, da ma'aikatan da suka bi sawun kusan mutum 900 gida-gida, suna amfani da tsarin da aka gina don yaƙi da shan-inna. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta fita. Har yau in an tuna daren ana yi wa juna tsiya, ana tambayar wa ya yi wanka wa ya sha. Ina yin dariyar, amma ba na manta cewa a wasu gidajen makoki aka wayi gari da shi.

Muna da misalin yadda ake yin abin daidai, kuma a kan idonmu ya faru. A watan Janairun 2001 an yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ce zunuban mutane ne suka jawo, suka ƙona otal-otal da mashaya. Da husufin rana na 29 ga Maris 2006 ya tunkaro, sai hukumomi da gidajen rediyo da malamai suka riga jita-jita fita. Aka faɗi ranar, aka faɗi lokacin, aka ce wata ne zai gitta tsakaninmu da rana, kada a kalla da ido tsirara. Katsina na cikin garuruwan da duhun ya rufe gaba ɗaya. Da hantsi gari ya koma kamar magariba na 'yan mintuna, aka yi sallar husufi, rana ta fito, kowa ya koma sana'arsa. Malamai sun tunatar da abin da ya faru ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu. Rana ta yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne, Annabi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A ranar baƙin cikinsa ya ƙi yarda a jingina wa abu sakamakon da ba nasa ba.

Batun wargajewar Nijeriya a 2015 ya fi sarƙaƙiya, domin akwai takarda ta gaske a ƙarƙashinsa. A 2005 wata majalisar nazarin bayanan sirri ta Amurka ta tara masana su yi hasashen makomar Afirka cikin shekara 15 masu zuwa. A rahoton taron, an ambaci rushewar Nijeriya cikin munanan abubuwan da ka iya faruwa in al'amura suka lalace. Ba hukunci ba ne, ba kuma matsayin gwamnatin Amurka ba ne, jakadunta sun sha nanata haka. Ko lissafin ma bai kai ga 2015 ba, shekara 15 daga 2005 ai 2020 ke nan. Amma 2015 shekarar zaɓe ce, sai kanun ya manne mata. Wasu suka haɗa da wani shaci-faɗin, wai haɗewar Kudu da Arewa ta 1914 yarjejeniyar shekara ɗari ce da za ta ƙare a 2014.

Tsoron kuwa yana da dalili. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka sama da 800, Boko Haram na riƙe da ƙananan hukumomi a Arewa maso Gabas, ga shi an ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Tashoshin mota suka cika. 'Yan kasuwar Kudu suka rufe shaguna suka tafi gida, 'yan'uwanmu masu sana'a a Kudu suka yo Arewa. Sai ga shi ranar 31 ga Maris Goodluck Jonathan ya ɗaga waya ya taya Muhammadu Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Wannan ma ba daga sama ya faɗo ba. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja tun Janairu, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya yi ta zirga-zirga tsakanin ɓangarorin biyu. Waɗanda suka gudu suka dawo bayan makonni, wasu sun ci rabin jari a kuɗin mota. A Daura kuwa ranar da Buhari ya ci zaɓen ba a yi barci ba don murna.

Daura ce kuma ta fi kowa dariyar labarin Jubril na Sudan. A 2017 Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, sai aka baza cewa ya rasu, an ɗauko wani mai kama da shi, wai shi Jubril, an ɗora. Aka riƙa auna kunne da tafin hannu a hotuna. Labarin ya yi ƙarfin da sai da shugaban ƙasa da bakinsa, a ƙasar Poland a watan Disamban 2018, ya ce shi ne dai ba wani ba. Mutanen da suka yi ƙuruciya da shi, suke ganinsa a filin idi, suka san muryarsa da tafiyarsa, ba su buƙaci wannan bayani ba. Ya rayu har 13 ga Yuli 2025, aka kawo shi Daura aka binne bayan kwana biyu, Allah ya jiƙansa. Amma akwai abin da ya ba ƙaryar taki. Ba a taɓa gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba. Kafin shi kuma an ga yadda aka yi da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda aka fita da shi Saudiyya a Nuwamban 2009, aka dawo da shi cikin dare a Fabrairun 2010, jama'a ba su sake ganinsa ba har ya rasu ranar 5 ga Mayu. Mutanen da aka taɓa rufe wa magana irin wannan, da wuya su ƙi sauraron mai raɗa. Turawan mulki ma sun gane haka. Cikin dalilan kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam, tsohon malamin Midil ta Katsina, ya zama editanta, har da kashe raɗe-raɗin da ake yi cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, labaran da suka girgiza rayuwarmu da gaske ba su zo da kururuwa ba. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sanarwar ta fito kamar wani atisayen jami'an tsaro na ɗan lokaci. Mutanen Jibiya da Mai'aduwa da Kongolam sun san abin da ya biyo baya, iyakar Jibiya ba a buɗe ta ba sai 2022. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Banki ya ce zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Wa zai tsorata da sauya launin kuɗi? Har an yi alƙawarin zai karya masu garkuwa da mutane da masu sayen ƙuri'a. Zuwa Fabrairun 2023 mutum na da kuɗi a asusu ba shi da na cefane, ana kwana a layin banki, masu POS na sayar da naira da naira, manomi ya kai dabba kasuwa ya karyar da ita ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. Garkuwa da mutane kuwa ba ta tsaya ba, mutanen Batsari da Faskari shaida ne. Babu wanda ya kira mahaifiyarsa da tsakar dare a kan wannan sanarwa, alhali ita ce ta cancanci a kira.

Akwai wani kanun da ke tafe, gara a san shi tun yanzu. Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029 wani dutsen sararin samaniya mai suna Apophis, mai faɗin kimanin mita 340, zai gitta kusa da duniya da tazarar kilomita 32,000, wato ƙasa da inda taurarin ɗan'adam masu kawo tashoshin talabijin suke. Lokacin da aka gano shi a 2004, lissafin farko ya ba da yiwuwar kashi 2.7 cikin ɗari cewa zai daki duniya. Cikin 'yan kwanaki ƙarin bincike ya soke wannan, a watan Maris na 2021 kuma NASA ta sake auna hanyarsa ta ce babu haɗari aƙalla na shekara ɗari. Lissafin 2004 yana nan a intanet ba a goge shi ba, kuma shi za a ɗauko a riƙa turawa ta WhatsApp ba tare da na 2021 ba.